Gu Ok-bun, Mai Jinyar Saiwoyi

Kafin ƙarfe shida ta cika za ka ji ƙarar babur ɗinta mai ƙafa uku yana gangarowa daga unguwar tudu, shebur da fartanya suna karo da juna a baya. Duk wanda ya taɓa kwana a garin Danmok ya san wannan ƙara: Gu Ok-bun ce ta fito aiki. Takan fara tsayawa a bakin gada, inda jerin bishiyoyin titi ya soma. Sai ta sauko a hankali saboda ciwon gwiwa, ta zaro wani rodi da ta naɗa wa tsohuwar roba a mariƙi, ta soka shi a ƙasa taku uku ko huɗu daga gindin bishiya, ta danna da nauyin jikinta. In ya shige sumul, ta yi gaba. In ya cije, sai ta durƙusa ta tona da hannu, ta damƙo ƙasar ta matse, ta kai hanci ta shinshina. Haka take bin su ɗaya bayan ɗaya har bakin kasuwa, inda take shan ruwan sha'ir mai ɗumi a shagon Ma Chun-bae mai taliya, sannan ta kama titin asibiti.

Shekara talatin da takwas ke nan tana wannan zagaye, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Lebura ce a sashen kula da bishiyoyi na ofishin gunduma. Da wannan matsayi ta shiga, da shi za ta fita.

Abin da mutanen gari suka fi saninta da shi shi ne ba ta ɗaga kai. Kowa in ya zo gindin bishiya sama yake kallo, ita kuwa idonta na ƙasa. Kusan kullum sai Ma Chun-bae ya tsokane ta yana miƙa mata kofi.

"Yaya, har yau ba ki tsinci zoben da kika yar ba?"

"Zobe dai ban gani ba," takan ce, "amma jiya na tsinci haƙora biyu a bakin kwata. Buɗe bakinka mu gwada."

Ni Bong Tae-sik, tsohon shugaban makarantar firamaren garin nan, ina da dalilina na kaina na yin wannan rubutu, kuma zan faɗe shi. Amma bari in fara da abin da wasu suka gani.

Mahaifin Ok-bun manomin insam ne, saiwar maganin nan da sai ta shekara shida a ƙasa kafin a tono ta. Ta ce tun tana 'yar shekara bakwai yake sa ta cire takalmi kafin ta shiga tsakanin kunyoyi, don ta ji da tafin ƙafarta inda ƙasa ta yi laushi da inda ta taurare. Karatunta bai wuce aji shida ba. Tana da shekara ashirin da bakwai mijinta ya rasu, ya bar ta da ɗa guda, Yong-dal. Sai ta goya shi ta shiga sahun matan da ake ɗauka cirar ciyawa a gefen titi. Sauran matan suka watse bayan damina ɗaya ko biyu, ita ta zauna.

Shekarar da aka buɗe sabon titin tasha, an dasa bishiyoyi ɗari da arba'in a gefensa, aka yi biki har da kiɗa. Kafin shekara ta zagayo sun fara bushewa. Wani matashin jami'i ya ce fari ne, ya sa tankar ruwa ta riƙa bi tana shayar da su safe da yamma. Suka ci gaba da bushewa. Ma Chun-bae, wanda ya kai abincin rana ofishin a ranar, shi ya ba ni labarin abin da ya gani. Ya ce Ok-bun ta shigo da bishiya guda a kafaɗa, ƙasa na zuba a kan darduma, ta shimfiɗa ta a teburin jami'in a kan takardunsa.

"Ranka ya daɗe, duba mini nan."

Saiwoyin suna nan a dunƙule kamar ƙwallo, ɗaure tamau da baƙar roba da waya, yadda aka kawo su daga gandun reno. Masu dashen ba su kwance ko ɗaya ba. Saiwoyin sun nemi hanyar fita sun rasa, sai suka riƙa zagaye kansu suna shaƙe juna.

"In ka ɗaure wa yaro ƙafafu, ka ajiye masa tukunyar shinkafa a tsallaken ɗaki, ko nawa ka dafa yunwa ce za ta kashe shi," in ji ta. "Ruwan da kake zubawa kuwa taruwa yake a ramin, yana ruɓar da ɗan abin da ya rage."

Jami'in, in ji Ma, ya yi ja har kunne. Amma yaron kirki ne. Washegari ya sa dogon takalmin roba ya bi ta. Mako uku suka yi suna tonewa, suna yanke roba, suna warware saiwa suna shimfiɗa ta ta fuskanci waje. Casa'in da 'yan kai suka rayu. Su ne inuwar da kuke tsayawa a ciki yau in kuna jiran bas.

Matar marigayi Hwang mai gyaran agogo ita ma tana da nata labarin. Mijinta ya bar wani furen dongbek a babbar tukunya, wanda ya shekara ashirin yana lallaɓawa. Bayan rasuwarsa ganyen ya fara yin rawaya yana zuba. Ta tare Ok-bun a hanya tana hawaye, ta ce furen ma bin maigidan zai yi. Ok-bun ta shiga gidan, ta tura yatsa cikin tukunyar, ta ɗago shi sharkaf.

"Sau nawa kike ba shi ruwa, Iya?"

"Duk lokacin da na tuna da shi."

"Sau nawa kike tunawa da shi?"

Ok-bun ta kife tukunyar a kan tabarma, ta yanke saiwoyin da suka yi baƙi suka yi laushi, ta sake masa ƙasa mai yashi, ta faɗaɗa hujin gindin tukunyar. Sannan ta ce, "Saiwa tana shan ruwa, amma numfashi ma take yi kamar ni da ke. In ƙasa ta cika da ruwa kullum, nutsewa take yi. Daga yau, in kin tuna da shi, ki zo kasuwa mu sha ruwan sha'ir. Furen kuwa sai ƙasar ta bushe har gaɓar yatsa ta biyu." Tsohuwar ta ce sai da ya shekara biyu bai yi fure ba, a ta uku ya yi guda bakwai, ta tsinko ɗaya ta kai wa Ok-bun a cikin kwanon miya.

To, ga nawa.

A farfajiyar makarantarmu akwai bishiyar unheng wadda dattawa suke cewa ta haura shekara ɗari uku. Mutum biyar ne suke haɗa hannu su zagaye ta. A farkon cikar wata na sabuwar shekara, a jikinta ake ɗaura igiyar karan shinkafa, a ajiye waina da 'ya'yan itace a roƙa wa gari lafiya. Da kaka ganyenta yakan koma ruwan zinariya, masu wucewa su tsaya ɗaukar hoto. Amma duk wanda ya zauna kusa da unheng ya san ɗaya fuskar. 'Ya'yanta in sun faɗo suka fashe, warinsu sai ka ce amai. Yara su taka su shigo da shi aji, da damina kuma gindin ya zama taɓo har idon sawu. Iyaye suka dame ni da ƙorafi. Shekara goma sha biyar da suka wuce, ina sabon shugaba mai ɗokin nuna aiki, na sa aka zuba jar ƙasa kamu guda a farfajiyar, aka daddaɓe, aka malala siminti, aka jera bencuna.

Ranar da motocin ƙasa suka iso, Ok-bun ta tsayar da babur ɗinta a bakin ƙofa ta shigo.

"Malam Shugaba, a ganinka ina bakin bishiyar nan yake?"

Na nuna mata gindin. Na ce, "Kada ki damu, Uwar Yong-dal, na bar mata fili zagaye a nan, za a riƙa zuba ruwa."

Ta juya baya ta fara tafiya tana ƙirga taku, ta wuce iyakar inuwar, sai da ta kai kusa da bangon aji uku ta tsaya, ta buga ƙafa a ƙasa.

"Nan take ci. Daga nan har can, duk a wannan 'yar ƙasar ta sama da ba ta kai zurfin hannu ba. Waɗancan manyan da kake gani a gindi ƙafafu ne da rumbu, su riƙe ta kada iska ta kayar, su adana abinci. Masu sha ƙanana ne kamar gashi, kuma a nesa suke. Abin da za ka yi kamar ka toshe wa mutum baki da hanci ne, ka riƙa zuba masa ruwa a cibiya."

Leburorin suka fashe da dariya, ni ma na yi. Na gaya mata, cikin ladabin da ya fi zagi zafi, cewa na karanta ilimin tsirrai a kwaleji.

"To," ta ce. "Ba bana za ka gani ba, ba baɗi ba." Ta hau babur ɗinta ta tafi.

Shekara biyu bishiyar ta yi shar da ganye. In na hango Ok-bun tana wucewa har ɗaga mata hannu nake yi in nuna mata sama. Ban san ajiyar da ke cikin manyan saiwoyi bishiyar take ci ba. A shekara ta uku ganyen ya ƙanƙance. A ta huɗu ƙololuwar ta bushe, sauran ya yi rawaya tun tsakiyar damina. Aka kawo wani masani daga birni ya rataya wa jikinta kwalaben magani kamar maras lafiya a gadon asibiti, ba abin da ya sauya. Sai wata Litinin da safe, saura kwata a buga ƙararrawa, wani reshe mai kaurin cinyar babban mutum ya ɓalle ya raba wani benci gida biyu. A wannan bencin 'yan aji uku suke cin abincin rana, cikinsu har da jikar Ma Chun-bae.

Aka kira taron iyaye da dattawa a ɗakin taro. Ma ne ya fara miƙewa, kuma ban taɓa ganinsa babu raha ba sai ranar.

"Kakana ya ɗaura mata igiya, ubana ya ɗaura, ni ma na ɗaura," ya ce. "Amma ba zan ba ta jikata ba. A sare."

Tsofaffi suka sunkuyar da kai. Ni ina zaune a gaba, na san wanda ya jawo, kuma na san rabin ɗakin sun sani. Ana shirin ɗaga hannu sai muryar Ok-bun ta fito daga can baya, kusa da inda ake ajiye takalma.

"Ku ba ni toho biyu."

Aka waiwaya.

"A yi shinge har inda reshe mafi tsawo zai iya kaiwa, kada yaro ya shiga. Busassun rassa a sauke su gobe. In lokacin toho ya zo sau biyu ba ta farfaɗo ba, ni zan riƙe zarton."

"In ta faɗo kafin nan fa, Yaya?" in ji Ma.

"Ba za ta faɗo ba. Na soka rodi jiya, manyan ƙafafun suna nan da ƙarfinsu. Yunwa da shaƙewa ne suke kashe ta, ba tsufa ba."

Da ƙuri'a uku shawararta ta rinjaya. Da aka watse na tsaya a ƙofa ina jiran ta faɗa mini abin da na cancanta. Ta ɗaura igiyar takalminta, ta ɗago ta ce, "Malam Shugaba, kana da guduma a gida?"

Ta hana a shigo da mota mai fasa siminti, ta ce nauyinta zai murƙushe abin da ya rage da rai. Da guduma da kurfi muka fasa, ni da ita da iyayen da suka samu sarari ranakun hutu. Ita ba aikinta ba ne, makaranta ba ta cikin zagayenta. Takan zo bayan ta tashi, da Asabar, da Lahadi. Da aka kwashe simintin da jar ƙasar, sai ta sallami shebur, ta ce daga nan sai 'yar fartanyar hannu da yatsu.

Ba zan manta warin da ya taso ba, kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙasar ta yi toka-toka, ta yi danƙo. Duk saiwar da ta ɗago baƙa ce, in ta matsa sai ɓawon ya saluɓe a hannunta. Kwana tara tana rarrafe a kan buhu, daga ɓangaren yamma tana zagayowa, ba ta ga mai rai ba. A rana ta tara na kasa haƙuri.

"Ta mutu ke nan?"

"Ban gama dubawa ba. In ka gaji je ka zauna."

Washegari Asabar da hantsi ina ofis aka ce tana kirana. Na same ta a gefen gabas, kusa da tsohuwar magudanar ruwa, inda simintin ya daɗe da tsagewa. Ta ɗaga wani jiƙaƙƙen buhu a hankali. A ƙarƙashinsa ga wasu 'yan zaruruwa farare tas, ba su kai kaurin zaren ɗinki ba, sun bi tsagar suna neman iska. Duka-duka ba su fi cikin tafin hannu ba.

"Ka gan su? Shekara huɗu waɗannan ne suke ɗauke da wannan uwar gaba ɗaya. Su tsotsi ruwa da gishirin ƙasa su aika sama. Ganye ya dafa abinci da hasken rana ya aiko musu ƙasa. In waɗannan sun ragu, ganye ya ragu. In ganye ya ragu, su kuma su rasa abinci su ƙara raguwa. Haka take tafiya a hankali." Ta mayar da buhun. "Rufe, ba su jure rana."

Na tsuguna a wurin, wando na cikin taɓo. Na koyar da sassan tsiro shekara ashirin a allo, saiwa da kara da ganye, na zana kibiyoyi masu hawa da masu sauka. Ban taɓa ganin abin da nake zanawa ba sai ranar.

Ta yanke ruɓaɓɓun saiwoyi da wuƙa mai kaifi har inda farin nama ya bayyana. Ta haƙa 'yan ramuka dogaye daga gindi zuwa waje kamar wayoyin ƙafar keke, ta cika su da gawayi da tsakuwa da ruɓaɓɓen ganyen da ta riƙa ɗebowa daga dajin kan dutse a bayan babur. Ta fasa gaɓoɓin gora ta kakkafa su a tsaye don iska ta riƙa sauka. Ni kuma, don in rage nauyin da ke zuciyata, na sayo buhun takin zamani uku. Ta dube su ta dube ni.

"Wanda aka yi wa aikin hanji jiya za ka ɗura wa gasasshen nama? Kai wa matarka ta zuba wa barkono."

Toho na farko ya zo, bishiyar ta fi da muni. Ganye tsilli-tsilli, ga rassa a guntule. Ma Chun-bae, wanda raharsa ta dawo amma ra'ayinsa bai sauya ba, yakan ce, "Yaya, sandar shanyarku ta yi kyau. Yaushe za a ɗaura igiya in kawo bargunana?" Ba ta kula shi. Da kaka ta kira ni, ta tona gefen rami ɗaya da yatsa. Fararen saiwoyi sun cika gawayin, wasu sun kai tsawon hannu. Ta ce, "Ƙasa take fara gyarawa, sama sai daga baya. Kada ka gaya wa kowa, ban tabbata ba tukuna."

Toho na biyu shi ne ya tsufar da ni. Duk unheng ɗin da ke gefen titi suka yi kore, tamu shiru. Mako ɗaya, mako biyu. Wani daga cikin iyaye ya ajiye mini lambar wayar mai zarto a tebur. Ok-bun kuwa kullum da yamma sai ta zo ta zauna a bakin shingen, ta miƙe ƙafafun da suka kumbura. Ranar shida ga watan biyar malamar aji biyu ta leƙo ofishina ta ce in fito. A ɓangaren gabas, daga jikin kututturen kansa har zuwa rassa, ƙananan ganye masu siffar mafici sun ɓarke bi da bi, kamar an yayyafa su.

Ɓangaren yamma bai dawo ba har yau. Ita da kanta ta tsaya aka sare shi. Bishiyarmu ta zama mai kafaɗa ɗaya, duk mai ido yana gani. Amma tana raye, tana zubar da 'ya'yanta masu wari, kuma a bana ma an ɗaura mata igiya. Ranar da aka yi saran, Ma Chun-bae ya rufe shago da tsakar rana, ya kawo mata kwanon taliya da ƙwai biyu a kai, ya ajiye a gabanta.

"Ci, Yaya. Ba don bishiyar ba ne, taliyar ce ta yi saura."

Akwai abu ɗaya da ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba. Bayan shekara guda aka kafa allon ƙarfe a wurin, mai bayanin yadda aka ceto bishiyar. Akwai sunan shugaban gunduma na lokacin, akwai na masanin da ya rataya kwalabe, akwai nawa. Babu nata. An kawo mini rubutun kafin a buga, na karanta, na lura, na sa hannu. Na gaya wa kaina ba a saba sa sunan lebura ba. Sai da na yi wata guda ina kauce wa hanyarta kafin na iya zuwa ba ta haƙuri. Na same ta tana girgiza allon tana ƙoƙarin tumɓuke shi.

"Yaya Ok-bun," na ce, kuma ranar na fara kiranta haka, "kina da gaskiya ki yi fushi."

"Ina fa ba zan yi fushi ba? Wane maras hankali ne ya haƙa ramin ƙafafun allon nan a cikin shinge? Sabuwar saiwa uku ya datse. Kama can mu fitar da shi waje."

Muka ɗauke shi tare, ni ta gaba ita ta baya.

Ke ce, Yaya Ok-bun, kika yi shekara talatin da takwas kina aikin da in ya yi kyau ba wanda zai gani, domin a ƙarƙashin ƙasa yake. Ke ce kika faɗa mini gaskiya ranar da ba na son ji, kuma da ta tabbata ba ki tsaya karɓar bashin dariyar da na yi miki ba. Gwiwoyinki biyu kika bari a farfajiyar makarantata kina gyara ɓarnar da na yi da sa hannu ɗaya. Likitar abin da ke ɓoye, mai yatsun da suka fi idonmu gani. Ban san adadin bishiyoyin da suke tsaye a garin nan saboda ke ba, ke ma na tambaye ki kin ce ba ki ƙirga ba. Na gode. Matar Hwang ta gode. Ma Chun-bae ma ya gode, ko da yake ya ce in na rubuta haka zai ƙaryata.

Ga masu tasowa kuma, musamman ku da kuka fito daga manyan makarantu kuka hau kujerun ofis: in tsohuwar lebura ta tsayar da ku tana magana, ku saurara har ta kai aya. Ku durƙusa ku taɓa abin da kuke shirin yanke hukunci a kansa. Ku koyi haƙurin aikin da sakamakonsa sai bayan shekara biyu ko huɗu, mai kyau ne ko maras kyau.

Makon jiya abokan aikinta suka yi mata walimar sallama, aka gasa nama, aka zagaya da giyar shinkafa. Shugaban sashen ya miƙe ya tambaye ta wace kyauta take so, yana tsammanin za ta ce tukunyar dafa shinkafa ko kujerar tausa. Ta ajiye tsinken cin abincinta ta ce akwai wuraren ajiye mota guda takwas a ƙarƙashin bishiyoyin bakin kasuwa, tayoyi sun daddaɓe ƙasar ta koma kamar dutse, tana so a soke su a zuba ganye. Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Bayan kwana biyu aka aiko mata cewa an amince da uku.

Saura biyar. Takardar neman sa hannun jama'a don a soke su tana shagon Ma Chun-bae, a kan teburin ciniki, kusa da tulun kimchi, jiƙaƙƙen kabejin nan mai yaji. Ku je ku sa. Ni na sa nawa tun ranar farko, kuma a ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ne nake ajiye motata shekara goma sha ɗaya. Yanzu a ƙafa nake zuwa kasuwa.